MAƘALAR MAKO: Allura Da Ƙwaya, Tarihin Yaƙi Da Kuturta Daga Yadakunya Zuwa Ajingi

Yau za mu waiwayi tarihin wata cuta da kowa ya san sunanta a ƙasar Gaya da Ajingi, amma ba kasafai ake son ambatonta a cikin taro ba, wato kuturta. Akwai wata tambaya da likitoci suka daɗe suna bibiya: idan ana ba mai kuturta ƙwayoyin magani, shin ƙara masa da allurar rigakafi zai sa ya fi saurin warkewa? Neman amsar ya zagaya Ajantina da Yuganda da Benezuwela da Indiya, kuma abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne ya biyo ta birnin Kano. Ku gyara zama, domin ƙarshen labarin a ƙofar gidajenmu yake.

KAFIN ZUWAN MAGANI

Duk wanda ya tashi a Ajingi ko Toranke ko Balare ko Gafasa ya ji irin bayanin da manya suke yi a kan kuturta. Wasu su ce gado ce, tana bin jini. Wasu su ce tsaka ce ta faɗa cikin abinci, wasu su ce haɗa kifi da nono ne, wasu kuma su ce sakayya ce ga wanda ya rantse a kan ƙarya. Babu ko ɗaya da yake gaskiya a cikin waɗannan, amma sun yi ɓarna, domin su ne suke sa mutum ya ɓoye tabon da ya gani a jikinsa har sai ya fara rasa yatsu.

Duk da haka Bahaushe bai kori kuturu daji ba. A manyan garuruwa kutare suna da unguwarsu da Sarkin Kutare, wanda yake sasanta su, yake kuma tsaya musu a gaban hukuma. Suna aure, suna haihuwa, suna cin kasuwa, har aka yi karin magana cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Sai dai gurbin da aka ware musu na bara ne. An yarda su rayu a cikin jama'a, amma babu mai sa ran za su warke.

A shekarar 1873 wani likita a garin Bergen na ƙasar Norwe, mai suna Armauer Hansen, ya ga ƙwayar da ke haddasa cutar ta madubin likita. Ita da ƙwayar tarin fuka dangi ɗaya ne. Ku riƙe wannan dangantaka da kyau, domin a kanta duk labarin allura ya ginu.

Ƙwayar kuturta tana da nawa ƙwarai. Takan yi kusan mako biyu kafin guda ɗaya ta rabu biyu, shi ya sa mutum zai iya ɗauke da ita shekara 5, wani lokaci har 20, kafin alama ta fito. Tana son wuraren da suka fi sanyi a jiki, kamar fata da hanci da kunne da jijiyoyin hannu da ƙafa. Idan ta lalata jijiya, sai wurin ya daina jin zafi. Mace ta sauke tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni da ita a ƙafa. Ciwo ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, ta haka yatsu suke tafiya. Wajen kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu yana da garkuwar da ke hana ta kama su, kuma tana yaɗuwa ne ta ɗigon majina da yawu, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba.

ZAMANIN YADAKUNYA

A shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta buɗe sansanin kutare a Sumaila. A 1937 aka danƙa aikin a hannun 'yan mishan na SIM, sansanin kuma ya koma Yadakunya, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yanzu, wurin da muka fi sani da asibitin Bela. A daidai wannan lokaci SIM ta karɓi irin wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, daga baya kuma ta buɗe wani a Danja, kusa da Maraɗi. Sunan Yadakunya kaɗai ya isa ya nuna abin da ke hana mutane zuwa: sai ka yar da kunya kafin ka nemi magani.

Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Indiya, ana kiransa calmugura. Allurarsa ake yi a cikin fata, a tsattsaga wurin tabon da tsini sau da yawa, mako bayan mako. Akwai zafi, amfanin kuma kaɗan ne. Majinyaci yakan yi shekaru a sansanin yana noma yana karɓar allura. Ku ɗauki mutumin Ajingi na wancan zamani: zai bar gonarsa da iyalinsa, ya bi ta Gaya, ya haye kogin Wudil, ya ratsa birni, sannan ya je ya zauna a hannun baƙi, ba tare da tabbacin warkewa ba. Ba abin mamaki ba ne da yawa suka gwammace su sa riga mai dogon hannu su yi shiru.

ƘWAYAR DA TA SAUYA KOMAI

A 1941 likitoci a Carville ta ƙasar Amurka suka fara ganin nasara da wata allura mai suna Promin. Amma abin da ya kawo magani hannun talaka a Nijeriya aka gano shi. A Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu, Dakta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa za a iya haɗiyar ƙwayar dafson kaɗan-kaɗan ba tare da ta yi lahani mai yawa ba, ga ta kuma da arha. A farkon shekarun 1950 Dakta Charles Ross ya shimfiɗa tsarin raba ta a Jihar Arewa. Maimakon a kwashe mutane zuwa sansani, sai magani ya bi su ƙauye: a disfansare ko a gindin bishiya, ranar da aka tsayar a mako, ma'aikaci ya zo da littafinsa da gwangwanin ƙwaya. Dubun-dubatar mutane suka fito, har da waɗanda suka yi shekaru suna ɓoyewa.

Sai dai dafson ita kaɗai tana buƙatar a sha ta shekaru, wasu ma har ƙarshen rayuwa. Mutum ya sha wata uku ya ga tabo ya dushe, damina ta faɗi, ya daina zuwa. Wannan sha-ka-bari shi ya koya wa ƙwayar cutar taurin kai, kuma a 1964 aka tabbatar a Maleshiya cewa akwai irin da dafson ba ta kashewa. Kafin nan an riga an samo wani magani a Dublin ta ƙasar Ailan, wato kulofazimin, kuma a Uzuakoli ɗin nan Stanley Browne da abokin aikinsa Hogerzeil suka fara gwada shi a kan kuturta, suka fitar da sakamako a 1962. Wajen 1970 rifamfisin ya shigo, wanda ya fi su duka ƙarfi.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa magungunan, domin idan ƙwayar cuta ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama ta. Wannan haɗin shi ne ma'aikatan lafiya suke kira MDT. Nijeriya ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, akwai kuma cibiyar horar da ma'aikata a Saye ta Zariya. Daga 1995 maganin ya zama kyauta a duk duniya. A yau mai 'yan tabo kaɗan yana sha wata 6, mai cutar da yawa wata 12, kuma da zarar ya fara sha ya daina yaɗa ta ga iyalinsa.

ABIN DA ƘWAYA TA KASA

To idan magani yana aiki haka, me ya kawo maganar allura? Dalili shi ne kuturta ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai wanda sojojin jikinsa suka gane ƙwayar cutar suka yi mata ƙawanya, shi tabonsa ɗaya ne ko biyu. Akwai kuma wanda sojojin jikinsa suke wuce ta kamar ba su gan ta ba, alhali suna yaƙar sauran cututtuka lafiya lau. Irin wannan majinyaci ƙwayoyin cutar sukan cika fatarsa, fuska ta kumbura, gashin gira ya zube.

Magani yana kashe ƙwayoyin cutar cikin ɗan lokaci, amma ba ya kwashe gawarwakinsu. Aikin sojojin jiki ne su share su, kuma a jikin wanda sojojinsa suke barci sharar takan ɗauki shekaru. Muddin gawarwakin suna nan, jiki yakan yi bore lokaci zuwa lokaci: tabo ya kumbura ya yi ja, ko ƙuraje masu zafi su fito da zazzaɓi, jijiya ta kumbura. A irin wannan bore ne mutum yake rasa hannu ko ido, wani lokaci bayan ya gama shan maganinsa cif. Ya je asibiti a ce masa ya warke, shi kuwa yana kallon yatsunsa suna lanƙwashewa.

Daga nan tunanin ya taso. Tunda ƙwaya tana kisa, a nemo abin da zai tashi sojojin jiki daga barci su yi shara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matsalar ita ce har yau an kasa shuka ƙwayar kuturta a kwalba a ɗakin bincike, don haka sai masana suka koma neman 'yan uwanta marasa lahani, waɗanda idan jiki ya koyi gane su zai gane ta.

LAMBAR DA KE KAFAƊARMU

'Yar uwa ta farko da aka jarraba tana jikin yawancinmu. Ku duba saman hannunku na hagu, za ku ga 'yar lamba. Ta allurar BCG ce, wadda Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka haɗa don tarin fuka, aka fara yi wa ɗan Adam a 1921. A 1939 wani likita a Ajantina, José Fernández, ya lura cewa yaran da aka yi wa BCG jikinsu yana fara amsa gwajin fata na kuturta, alamar cewa sojojinsu sun farka.

Aka shiga manyan gwaje-gwaje. A yankin Teso na Yuganda, inda aka fara a 1960, BCG ta kare yara daga kuturta da wajen kashi 80 cikin 100. A Bama, ƙasar da kakanninmu suka je yaƙi, kariyar ba ta wuce wajen kashi 20 ba. A gundumar Karonga ta Malawi an gwada mutum sama da 100,000, sakamakon da ya fito a 1996 ya nuna cewa maimaita BCG karo na biyu yana rage kuturta da kusan rabi, ko da yake bai ƙara komai a kan tarin fuka ba. Abin mamaki, allurar da aka yi don tari ta fi tabuka abin kirki a kan kuturta.

Wanda ya fara mayar da rigakafin ya zama magani gadan-gadan shi ne Jacinto Convit na Benezuwela, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 100. A 1971 an gano cewa wata dabba ta nahiyar Amurka mai ɓawo a baya kamar sulke, ana kiranta amadilo, tana kamuwa da kuturta saboda sanyin jikinta. Daga jikinta aka samu ƙwayoyin cutar masu yawa. Convit ya kashe su da zafi, ya gauraya da BCG, ya riƙa yi wa majinyata, ya kuma ba da rahoton cewa jikin da yawansu ya fara yaƙi da kansa. Amma da aka gwada haɗin a matsayin rigakafi a kan dubban mutane, a Benezuwela da kuma Malawi, bai nuna ya fi BCG ita kaɗai ba.

TAƁON YUGANDA YA ISO KANO

Bambancin Yuganda da Bama ya tsaya wa wani likitan Ingila a rai, mai suna John Stanford. Me ya sa allura ɗaya ta yi aiki sosai a can, ta yi rauni a nan? Ya yi zargin cewa akwai wani abu a ƙasar Teso da mutane suke cuɗanya da shi tun suna yara, wanda yake taimaka wa BCG. A farkon shekarun 1970 ya ɗebo taɓo daga bakin tafkin Kyoga, ya samo wata ƙwaya marar lahani daga dangin na tarin fuka da kuturta, sunanta Mycobacterium vaccae. Shi da abokin aikinsa Graham Rook a Landan suka kashe ta da zafi suka mayar da ita allura. An yi wa masu kuturta da iyalansu ita a ƙasashe irin su Sifen da Iran, daga nan aka ce bari a gwada ta a kan tarin fuka tare da magani.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi tayar da ƙura a birnin Kano aka yi shi. Dakta Philip Onyebujoh da abokan aikinsa suka raba masu tarin fuka gida biyu. Duka suna shan magani, amma wasu aka ƙara musu da allurar sau ɗaya, wasu kuma aka yi musu ta ruwan gishiri kawai domin a kwatanta. Rahoton ya fito a 1995. Da aka bibiyi majinyatan bayan kusan shekara guda, cikin mutum 47 da aka samu labarinsu daga ɓangaren ruwan gishiri 19 sun rasu, cikin 34 na ɓangaren allura kuwa babu wanda ya rasu.

Wannan sakamako ya girgiza masana. Sai dai su kansu masu binciken sun sa a kan rahoton nasu cewa a cikin mawuyacin hali aka yi aikin. Magani ba ya samuwa a kai a kai, majinyata da yawa ba su sha yadda ya kamata ba, wasu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da aka maimaita gwajin a Durban ta Afirka ta Kudu, inda ake ba kowa cikakken magani a kan ido, sakamakon 1999 ya nuna allurar ba ta ƙara komai ba. Wani babban gwaji a Zambiya da Malawi ya faɗi haka a 2002.

Darasin Kano ke nan, kuma ya shafi kuturta kai tsaye. Abin da ya fi ɗaukar hankali a rahoton ba 34 ɗin da suka rayu ba ne, 19 ɗin nan ne da suka mutu da cutar da take da magani, saboda maganin bai isa gare su yadda ya kamata ba. Inda ƙwaya take yankewa, ba a iya tantance ƙarfin allura, kuma babu allurar da za ta cike gurbin ƙwayar da ba a sha ba.

INDA AKA FI CIN NASARA

A kan kuturta kanta, Indiya ce ta fi kowa nisa, kuma da dalili, domin fiye da rabin sababbin masu cutar a duniya a can suke. Farfesa G. P. Talwar ya tantance ƙwayoyi da dama daga wannan dangi, ya zaɓi wata da ya sa wa suna Mycobacterium w, wadda daga baya aka mayar da sunanta MIP. A asibitocin Delhi aka riƙa yi wa masu cutar mai yawa allurarta duk bayan wata 3, suna kuma shan MDT. Rahotannin da suka fara fitowa a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ƙwayoyin cutar suna saurin ƙarewa daga fatarsu fiye da masu shan magani kaɗai, tabo yana saurin kwanciya. Cibiyar bincike ta JALMA a Agra da babban asibitin Chandigarh sun gwada MIP da BCG tare da magani, su ma sun ga saurin sharewa. Ba a rasa tangarɗa ba: wurin allurar yakan yi ɗan gyambo kafin ya warke, wasu kuma tabonsu yakan kumbura na ɗan lokaci saboda farkawar sojojin jiki.

Hukumomin Indiya sun amince da allurar a 1998, kamfanin Cadila yake haɗa ta. An kuma gwada ta a matsayin rigakafi ga iyalan majinyata a yankin Kanpur, inda ta ba da kariya sama da kashi 60 cikin 100 a shekaru ukun farko, kariyar tana raguwa da tafiyar shekaru. A 2016 gwamnatin ƙasar ta sanar da fara amfani da ita a gundumomi 5 na jihohin Bihar da Gujarat. Akwai kuma sabuwa mai suna LepVax, wadda aka haɗa a Amurka musamman don kuturta, aka fara gwada ta a jikin mutane a 2017, aka shirya mataki na gaba a Burazil.

Duk da wannan, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ba su sa allura a cikin maganin mai kuturta ba. Abin da suka tsayar shi ne magunguna uku ga kowane majinyaci, BCG ga jarirai, da rifamfisin sau ɗaya tak ga waɗanda suke zaune da majinyaci. Wani gwaji a Bangaladash ya nuna cewa wannan sha ɗaya yana rage kamuwa da kashi 57 cikin 100 a shekara biyun farko, ga wanda kuma yake da lambar BCG tun yana jariri kariyar takan kai wajen kashi 80. Wato haɗin allura da ƙwaya da aka fi tabbatarwa a yau rabinsa yana nan a asibitin shan magani na unguwarmu, kyauta.

ME YA SHAFI AJINGI?

A 1998 Nijeriya ta kai matakin da ake kira kawar da kuturta, ma'ana masu shan magani sun gaza mutum 1 cikin kowane 10,000. Da yawa sun ɗauka cutar ta ƙare ke nan. Ba ta ƙare ba. Har yanzu ana samun sababbin majinyata wajen 2,000 ko fiye a ƙasar nan kowace shekara, cikinsu har da yara, kuma kamuwar yaro alama ce ta cewa akwai babban da yake yaɗa ta a gida bai sani ba. A duniya kuwa adadin yana kusa da 200,000 a shekara. Matasan ma'aikatan lafiya da yawa ba su taɓa ganin farkon kuturta da idonsu ba, sai a ba mutum man shafawa na makero a sallame shi.

Sannan tarihi ya maimaita kansa. A 2024 maganin MDT ya yanke a Nijeriya kusan shekara guda, saboda tsaikon takardu da sababbin ƙa'idojin gwajin magungunan da ake shigowa da su. Sai a watan Maris na 2025 kaya suka iso. A wannan tsakanin majinyata sun yi ta zuwa suna komawa hannu rabbana, jijiyar da ta mutu a lokacin kuwa ba za ta dawo ba. Shekara talatin bayan rahoton Kano, matsalar tana nan inda take.

Akwai kuma batun yarda, wanda mu Kanawa muka fi kowa sanin zafinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya sa yara wajen 200 a cikin gwajin maganin Trovan a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Don haka duk ranar da aka kawo MIP ko LepVax ƙasar nan, haƙƙinmu ne a yi mana bayani da Hausa, a nemi izinin kowa, a sa malamanmu da dagatanmu a ciki tun daga farko. Amma kada wancan ciwo ya sa mu hana jariri BCG, allurar da ta haura shekara 100 ana yin ta. A ƙauyukanmu mata da yawa a gida suke haihuwa, sai a yi suna a yi arba'in ba a kai jariri asibiti ba. Maigida, wannan a wuyanka yake.

Abin da ya rage kuma ba ya buƙatar jiran Indiya ko Burazil. Idan ka ga tabo mai haske ko ja-ja a jikinka ko na ɗanka, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, ka sa wani ya shafa shi da auduga kana rufe da ido. In ba ka ji ba, ka nufi asibiti ka ce a haɗa ka da jami'in tarin fuka da kuturta, domin tsarin ƙasa ya tanadi irinsa a kowace ƙaramar hukuma. Idan an ɗora ka a kan magani, fitsari zai yi ja ranar da ka sha rifamfisin, fata za ta ƙara duhu saboda kulofazimin, duka biyun suna wucewa, kada su sa ka daina. In jijiya ta fara zafi ko hannu ya fara sanyi, kada ka jira ranar karɓar kati, ka koma a makon, domin akwai maganin da ke kwantar da boren kafin ya yi ɓarna. Ka kuma kai mutanen gidanka a duba su.

Su kuma kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya da wakilanmu a majalisa, tambaya ɗaya muke so su riƙa yi a kowane zama da jami'an lafiya: maganin wata nawa ya rage a sito? Kowace Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ana bikin ranar kuturta ta duniya, a yi jawabi a raba atamfa da shinkafa. Hakan ba laifi ba ne, amma katin magani da bai yanke ba ya fi wa majinyaci buhu goma.

Daga man calmugura na Yadakunya zuwa yau an yi tafiya mai nisa, kuma wani sashe mai muhimmanci na wannan tafiya a ƙasarmu aka yi shi, daga Uzuakoli har Kano. Allurar da za ta taimaki ƙwaya tana hanya, mai yiwuwa 'ya'yanmu su gan ta a asibitin Ajingi. Kafin ta iso, a yi wa jariri lamba, a duba tabo da wuri, a sha magani har ƙarshe.

Duk wanda yake da tarihin da ya ji daga iyaye a kan zamanin raba dafson a garinsu, muna so ya ba mu labari, amma don Allah ban da ambaton sunan kowa ko gidan kowa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu da zuriyarmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.